Manhajar girgizar ƙasa: aikin yana cikin shekarun da ƙasa ke kwance lafiya

Da ƙarfe 4:17 na asubahin 6 ga Fabrairun 2023, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya. Lokacin hunturu ne, mutane suna cikin bargo. A Turkiyya kaɗai sama da mutum 50,000 suka rasu, cikinsu har da ɗan ƙwallon Gana, Christian Atsu, wanda aka ciro gawarsa daga ɓaraguzan benen da yake zaune a Antakya. A wannan dare akwai miliyoyin wayoyin Android a yankin, kuma suna ɗauke da tsarin Google na gargaɗin girgizar ƙasa. Sai a Yulin 2025 aka ji dalla-dalla abin da ya faru: tsarin ya raina girgizar, ya ɗauka ba ta wuce maki 4.9 ba. Babban gargaɗin nan mai ƙara, wanda ke tayar da mai barci ko da ya rufe sautin wayarsa, wayoyi 469 kacal ya shiga, alhali kusan mutum miliyan 10 ne ya kamata su same shi.

Duk wanda ya ji wannan zai ce to ai sai a gyara na'urar. Gaskiya ne, gyaranta wajibi ne. Amma mu ƙaddara ta yi aiki yadda ake so. Magidanci yana hawa na bakwai da matarsa da yara, waya ta yi ƙara cikin dare, yana da sakan 15. Bai taɓa jin wannan sautin ba, don haka abu na farko da zai yi shi ne ya lalubo wayar ya ga mene ne. Wadirof yana tsaye a gefen gadon yara, ba a ɗaure shi da bango ba. Takalma suna bakin ƙofa, tagogi kuma gilashi ne. Kafin ya gama karanta saƙon, lokacin ya ƙare. Shi ya sa nake ganin duk mai son ƙirƙirar manhajar da za ta sa mutane su shirya wa girgizar ƙasa, ya fara ɓata hanya ne tun ranar da ya ɗauka ƙarar gargaɗi ce zuciyar aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka riga aka yi a gida shekara biyu ko biyar da suka wuce, shi ne ke aiki a cikin waɗannan sakan ɗin.

Sai an san yadda gargaɗin yake samuwa za a gane iyakarsa. Har yau babu masanin da zai iya cewa ranar kaza, da ƙarfe kaza, ƙasa za ta girgiza a gari kaza. Abin da ake yi tsere ne kawai. Idan dutsen ƙarƙashin ƙasa ya tsage, motsi iri biyu ne ke fita daga wurin. Na farko mai sauri ne, yana cin kusan kilomita 6 a sakan ɗaya, amma ba ya ɓarna sosai. Na biyu yana tafe a baya da kusan kilomita 3 da rabi a sakan, shi ne mai rusa gini. Na'urorin da aka kafa kusa da wurin suna jin na farkon, su kimanta girman abin da ke tafe, su aika saƙo ta hanyar sadarwa, wanda ya fi duka biyun sauri nesa ba kusa ba. Google ya yi amfani da wayoyin mutane ne a matsayin waɗannan na'urori: a cikin kowace waya akwai ɗan abin da ke jin motsi, wanda ke juya fuskar waya idan ka karkata ta, to idan wayoyi da yawa da ke ajiye a kan caji suka ji jijjiga lokaci guda, kwamfutocin kamfanin sai su gane girgiza ce.

Ma'anar wannan tsere ita ce, wanda ya fi kusa da inda abin ya tashi, wato wanda ya fi shiga haɗari, shi ne ya fi kowa ƙarancin lokaci. Wani lokaci ma ba ya samun komai. Birnin Meziko ya fi ko'ina nuna wannan. Bayan girgizar 19 ga Satumban 1985 da ta kashe dubban mutane, aka kafa na'urori a gaɓar tekun Guerrero, mai nisan sama da kilomita 300 daga birnin, suka fara aiki a 1991. Idan girgiza ta taso daga can, birnin yana samun kusan minti guda, lokacin da ya isa a fitar da yara daga aji. Amma ranar 19 ga Satumban 2017, sa'o'i biyu bayan an gama atisayen tunawa da ta 1985, wata girgizar mai maki 7.1 ta taso daga cikin ƙasa, kimanin kilomita 120 daga birnin. Lasifikokin tituna suka yi ƙara, amma ga mutane da yawa ƙarar da girgizar kusan tare suka iso. Kimanin mutum 370 suka rasu.

Akwai kuma tambayar da ba ta da amsa mai daɗi: yaushe za a yi ƙara, yaushe za a yi shiru? A Yulin 2019 girgizar da ta taso daga Ridgecrest, wani gari a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta jijjiga Los Angeles, manhajar gargaɗin birnin ba ta ce uffan ba, domin an tsara ta ne ta yi magana sai idan jijjigar da ake hasashe za ta kai ta yi ɓarna. A lissafi ta yi daidai, amma mutanen da suka ji gidajensu na rawa suka ce ba ta aiki, dole aka sassauta ma'aunin. A ɗaya ɓangaren, a Fabrairun 2025 wayoyin mutane a São Paulo da Rio de Janeiro suka tashe su da misalin ƙarfe biyu na dare a kan girgizar da ba ta faru ba, har Google ya dakatar da tsarin a Birazil. Idan ka yi shiru, an daina yarda da kai. Idan ka cika ihu, a kashe ka a huta. Wannan nauyi ba na matasa biyu masu rubuta manhaja ba ne. Na hukumar ƙasa ne mai na'urori da masana, kuma hanyar da ta fi dacewa a isar da shi ita ce wadda Japan ke bi tun 2007: eriyar kamfanin waya ta watsa saƙon ga duk wayar da ke kusa da ita lokaci guda, ko mai wayar ya sauke wata manhaja ko bai sauke ba.

To idan an cire gargaɗi, me ya rage wa manhajar? Abin da ya fi wuya ne ya rage: ta sa mutumin da ba ya jin wani haɗari yau ya kashe kuɗinsa da lokacinsa kan abin da wataƙila sai bayan shekara 30 zai zo, wataƙila ma ba a zamaninsa ba. Sauran manhajojin da ke wayarsa kullum suna ba shi wani abu, ko labari, ko hira, ko kuɗi. Wannan kuwa aiki take ba shi. Mutane sukan sauke irinta a makon da aka yi babbar girgiza a wani wuri, hotuna suna yawo, hankali a tashe. Bayan wata biyu waya ta cika, ana neman wurin ajiye bidiyon biki, ita ce ta farko da za a goge.

Abin da mai zane yakan fara kai hannu gare shi shi ne tsoro: hoton bene a kife, taswira ja wur, adadin gawawwaki. An daɗe da gane cewa wannan ba ya kai mutum inda ake so. A 1965 masanin halayyar ɗan Adam Howard Leventhal ya yi wani gwaji da ɗaliban jami'ar Yale ta Amurka kan allurar rigakafin tetanus. An tsorata wasu da hotuna da bayanai masu tayar da hankali, wasu kuma an yi musu bayani a sauƙaƙe. Waɗanda aka tsorata sun fi cewa za su je a yi musu allurar, amma da aka bi sawu, kaɗan ne ƙwarai suka je. Abin da ya kawo bambanci shi ne ba ɗalibi taswirar da ke nuna ɗakin shan magani da lokutan da ake buɗe shi, a ce masa ya duba jadawalinsa ya zaɓi lokaci. Ɗaliban sun san inda ɗakin yake tun da can. Abin da suka rasa shi ne a mayar musu da niyya ta zama tafiya. Dennis Mileti da abokan aikinsa, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin yadda Amurkawa ke karɓar gargaɗin bala'i, sun kai ga abu mai kama da haka: gaya wa mutum girman haɗarin bai kai gaya masa takamaiman abin da zai yi tasiri ba, kuma abin da ya fi motsa shi shi ne ya ga wani da ya sani ya riga ya yi.

Saboda haka, a ganina, shafin farko na manhajar bai kamata ya ɗauki jerin abubuwa 40 na jakar gaggawa ba. Wanda ya ga abu 40 zai ce sai ranar Asabar, Asabar ɗin kuma ba za ta zo ba. Ta tambaye shi abu kaɗan: hawa na nawa kake, su wa ke kwana a gidan, akwai tsoho ko jariri ko mai shan magani kullum, gidan naka ne ko haya kake. Sannan ta ba shi aiki guda ɗaya da zai gama kafin shayinsa ya huce. Je ka ɗakin da yara ke kwana, duba me zai iya faɗo musu daga sama, sauke shi. Shi ke nan na yau. Mako mai zuwa: ajiye takalmi da tocila a ƙarƙashin gado, domin bayan girgizar dare wuta takan ɗauke, ƙasa kuma cike take da fasasshen gilashi. Na gaba: nuna wa kowa a gidan inda ake rufe gas.

Tsarin ayyukan ma ba a son ransa mai zane zai yi shi ba, sai bisa abin da ke kashe mutane. A girgizar birnin Kobe na Japan ta 17 ga Janairun 1995, wadda ita ma da asuba ta zo, ta kashe sama da mutum 6,000, mafi yawansu gini ko kayan ɗaki ne suka danne su, da yawa kuma sun cika tun kafin wani taimako ya iso. Waɗannan mutane ba yunwa ko ƙishirwa ta kashe su ba. Amma duba yawancin jagororin shiri, za ka ga ruwa da abincin gwangwani ne a sama, domin su ne masu sauƙin saye da sauƙin ɗauka a hoto. Ɗaure wadirof da firji da bango aiki ne mai gajiyarwa: sai an sayi ƙarfe mai kwana, an samo na'urar huda bango, idan haya kake kuma sai ka roƙi mai gida. A nan ne manhaja za ta nuna ko tana da amfani. Ta ba shi bidiyon minti ɗaya, ta faɗa masa sunan ƙarfen kamar yadda ake kiransa a shagon kayan gini na garinsa, ta rubuta masa saƙon da zai tura wa mai gidan haya, idan ya ƙi kuma ta nuna masa hanya ta biyu, ko da matsar da gado ne daga gaban wadirof ɗin.

Maganar ruwa da abinci tana da nata muhimmancin, sai dai a bayan wancan. Shawarar da hukumomin Japan ke bayarwa ita ce lita 3 na ruwa ga kowane mutum a rana, na aƙalla kwana uku, mako guda ya fi. Sun kuma lura cewa abincin da aka ɓoye a lungu don ranar bala'i lalacewa yake yi a manta da shi, sai suka koma koya wa mutane su riƙa sayen abin da suke ci kullum da ɗan ƙari, suna cin tsohon suna mayar da sabo. Wannan manhaja za ta iya tunatarwa a kai, sau biyu a shekara ya isa.

Masu zane suna son maki da lambobin yabo da gasa tsakanin abokai. Ban ƙi su gaba ɗaya ba, musamman ga yaran makaranta, domin yaro idan aka ba shi aiki daga makaranta ba ya barin iyayensa su huta sai an yi. Amma akwai haɗari a ciki. Idan ana samun maki ta amsa tambayoyi, mutum zai tara maki dubu, ya ji a ransa ya shirya, alhali ko ƙusa ɗaya bai buga ba. Wannan ya fi rashin manhajar muni, domin ta sayar masa da kwanciyar hankalin da bai cancanta ba. Haka ma hukumar da ta ba da kuɗin aikin: idan abin da take ƙirgawa shi ne mutum nawa suka sauke, za a kawo mata adadi mai daɗin ji. Abin ƙirgawa shi ne gida nawa aka ɗaure kayan ɗaki, iyali nawa suka tsayar da wurin haɗuwa. Wannan kuwa sai an aika mutane sun shiga gidaje sun gani, abin da yake da tsada, shi ya sa ba a cika yi ba.

Sai atisaye. A lokacin firgici mutum ba ya tuna abin da ya karanta, abin da jikinsa ya saba shi yake yi. Japan ta ware 1 ga Satumba, ranar girgizar Kanto ta 1923, don haka. Kalifoniya ta fara nata babban atisayen a 2008, ana yi duk Oktoba. Abin da ake koyarwa gajere ne: durƙusa, shiga ƙarƙashin tebur mai ƙwari ka kare kai da wuya, riƙe ƙafar teburin har motsin ya tsaya. Manhaja za ta iya sa iyali su gwada wannan a ɗakinsu, da ainihin sautin gargaɗin ƙasarsu, har da gwajin dare, don kunne ya san shi.

Sai dai a nan akwai tarkon da ya fi ba ni tsoro, wato kwafo shawarar wata ƙasa a liƙa wa wata. "Kada ka gudu waje, shiga ƙarƙashin tebur" shawara ce da aka gina kan gidajen da ake sa ran ba za su rushe ba, inda abin da ke raunata mutum shi ne kayan da ke faɗowa da gudun da yake yi a kan matakala. A ƙauyukan tsaunin Atlas na Maroko, inda girgizar 8 ga Satumban 2023 ta kashe kusan mutum 3,000, gidajen ƙasa da duwatsu ne masu nauyin rufi, waɗanda ke zubowa gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa mai azara ya san nauyin abin da ke samansa. Ga wanda ke ɗaki irin wannan, a ƙasa ba a bene ba, ƙofa kusa kuma fili a waje, lissafin ya sha bamban, kuma injiniyoyin wurin ne ya kamata su yanke shawarar, ba wanda ya fassara rubutun daga Turanci ba. Manhajar da ba ta fara tambayar "da me aka gina gidanka?" ba, tana iya koya wa yaro ya koma cikin ɗakin da zai danne shi.

Kobe ta koyar da wani darasin da ya kamata ya sauya siffar manhajar tun daga tushe. Mafi yawan waɗanda aka ciro da rai daga ƙarƙashin gine-gine, ba 'yan kwana-kwana ko sojoji ne suka ciro su ba, 'yan uwa ne da maƙwabta. Hanyoyi a toshe suke, masu ceto ba su da yawan da za su isa ko'ina, kuma maƙwabci ne ya san a wane ɗaki tsohuwar gidan can take kwana. Waya kuwa an ƙera ta ne don mutum ɗaya, manhajoji ma haka. Wadda za ta yi amfani sai ta ɗauki gida da layi a matsayin ma'auninta: su wa ke da tsani da shebur da jak ɗin mota, wa ya iya taimakon farko, wane gida ne ke da wanda ba ya iya tafiya da kansa, wa ya ɗauki nauyin leƙa shi. Wannan kuma shi ne zai kawo abin da Mileti ya gano, ganin maƙwabci ya yi. Amma jerin gidajen da tsofaffi ke zaune su kaɗai abu ne da ɓarawo ma zai so ya samu, don haka sai da yardar mai gidan, kuma kada ya wuce hannun mutanen da shi ya zaɓa.

Bayan motsin ya tsaya, wayar tana shiga wani hali daban. A Turkiyya eriyoyi da yawa a kan benaye suke, suka faɗi tare da su, sabis ya yanke a daidai lokacin da mutane ke ƙarƙashin kankare suna neman kiran 'yan uwansu. A Satumban 2018 girgiza ta jefa ilahirin tsibirin Hokkaido na Japan cikin duhu, mutane suka riƙa bin layi don cajin waya. Manhajar da sai da intanet take buɗewa ta mutu a ranar da aka yi ta dominta. Taswirar wurin taruwa, lambobin 'yan uwa, sunayen magungunan da uba ke sha, yadda ake tsayar da jini, duk su kasance a cikin wayar kanta. Rubutu manya, fuska baƙa don kada ta sha batir, maɓalli ɗaya da zai aika gajeren saƙon "ina lafiya, ina wuri kaza" da zarar sabis ya ɗan leƙo. Japan tana da lambar 171 tun 1998, inda mutum ke ajiye saƙon murya danginsa su saurara. Ni da zan ba da shawara, aikin ƙarshe da manhajar za ta ba mutum shi ne ya kwafe muhimman lambobi a takarda ya sa a jakar makarantar kowane yaro.

Wa ke riƙe da wayar ma? A girgizar Herat ta Afganistan a Oktoban 2023, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mafi yawan waɗanda suka rasu mata ne da yara, domin da rana ta zo, maza suna waje su kuma suna cikin gida. A gidaje irin waɗannan, idan akwai babbar waya ɗaya, tana aljihun maigida. Manhajar da ba ta da murya ga wanda bai iya karatu ba, ba ta kuma da hanyar da abin da ke cikinta zai fita ya shiga rediyo da makaranta da wa'azi, ba za ta kai ga waɗanda rufin zai faɗo wa ba. Baƙi ma haka. Bayan Kobe ne Japanawa suka ƙirƙiro salon Japananci mai sauƙi don sanarwar gaggawa, saboda sun ga yadda baƙi suka rasa gane inda ake raba ruwa da inda ake fakewa. Ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ke zaune a Istanbul, birnin da ke gefen tsagar da ta haifar da girgizar Izmit ta 1999 mai kisan sama da mutum 17,000, suna cikin irin waɗannan baƙi. Da yawansu sun taso ne inda ba a san girgiza ba sai ɗan motsi irin wanda aka ji a Mpape ta Abuja a Satumban 2018.

Inda ilimi ya yi ƙaranci, jita-jita ce ke cike gurbin, kuma waya ce dokinta. A Janairun 2010, kwanaki kaɗan bayan girgizar Haiti, saƙo ya bazu a Gana cikin dare cewa girgizar ƙasa na tafe, jama'a a garuruwa da dama suka fito suka kwana a waje. Ba abin dariya ba ne, domin Accra ta taɓa ganin girgiza mai kisa a 1939, tsoron yana da tushe. Abin da mutane suka rasa shi ne sanin cewa babu mai iya faɗin ranar girgiza. Wannan jimla ɗaya ta cancanci wuri na dindindin a manhajar, tare da sunan hukumar da ake jin gaskiya daga bakinta.

A ƙasashen Musulmi akwai maganar ƙaddara, kuma mai zanen da ya ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba ya yi asarar masu sauraronsa tun kafin ya fara. Mumini ya yarda babu abin da zai same shi sai abin da Allah Ya rubuta, kuma shi ne dai aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Ɗaure wadirof ɗin da ke gefen gadon yaro da bango yana cikin riƙon sababi. Inda ya kamata a ja layi shi ne lokacin da mai mulki ko ɗan kwangila ya fake da ƙaddara don kada a tambaye shi rodi nawa ya sa a ginshiƙi.

Wannan ne kuma iyakar da kowace manhaja za ta tsaya, kuma gara ta faɗa da bakinta. A 2010 girgiza mai maki 7.0 ta kashe sama da mutum 100,000 a Haiti. Makonni kaɗan bayan haka wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, mai maki 8.8, ta afka wa Chile, waɗanda suka rasu ba su kai 600 ba. Babban abin da ya raba su shi ne dokar gini da ake bi. Turkiyya tana da dokokin gini masu kyau a takarda, amma a 2018 gwamnati ta yi afuwa ga miliyoyin gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, mai gini ya biya kuɗi a ba shi takarda. Ina jin tsoron manhajar da za ta zame wa hukuma hanyar sauke nauyi, a ce ai mun gaya wa jama'a su shirya, alhali benen da suke ciki ba zai tsaya ba ko sun cika kowane aiki da aka ba su.

Duk da haka tana da abin yi a nan, kuma shi ne mafi girma duk da ya fi ɗaci. Ta tambayi shekarar da aka yi ginin. A Japan 1981 ce iyaka, shekarar da aka tsaurara doka, kuma a Kobe gine-ginen da suka riga ta su suka fi zubewa. Ta tambaya ko hawan ƙasa shaguna ne da aka cire musu bango ko aka yanke ginshiƙi don a faɗaɗa wuri, domin irin waɗannan su ne ke fara durƙushewa. Kada ta yanke hukunci cewa gidan lafiya lau yake, wannan aikin injiniya ne. Ta nuna inda ake neman a zo a duba, nawa ake biya, ko akwai tallafi. Mutane da yawa suna gudun wannan binciken, saboda idan aka ce ginin ba shi da ƙwari ana iya fitar da su, kuɗin hayar wani wurin kuma ya fi ƙarfinsu. Don haka sai ta haɗa da abin da doka ta tanadar wa ɗan haya da mai gida idan hakan ta faru, da yadda mazauna bene ɗaya za su haɗu su nema tare.

Sannan a tambayi wa zai riƙe ta. Wayoyi suna sauya tsari duk shekara, lambobin gaggawa da wuraren taruwa suna canzawa, tallafin da aka yi aikin da shi kuma yakan ƙare cikin shekara biyu ko uku. Manhajar birnin Los Angeles da aka ƙaddamar da ɗoki a farkon 2019, an rufe ta a ƙarshen 2020, aka ce mutane su koma MyShake ta jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Can an yi sa'a akwai inda za a koma. Kafin a rubuta layin farko, ya kamata a san wace hukuma ce za ta sa kuɗin kula da manhajar a kasafinta na kowace shekara, da kuma wane ma'aikaci ne zai riƙa zagayawa yana tabbatar da cewa filin da taswirar ta ce a taru a cikinsa ba a gina kanti a kansa ba.